Ranar da Gawon Nama Ta Ce Ba Ta San Siddiƙu Ba

Akwai wani mutum a Gawon Nama, cikin garin Sakkwato, ana ce masa Siddiƙu. Asalinsa mutumin Tawa ne ta ƙasar Nijar. Ya shigo yana saurayi, ya fara da lodin siminti a Kalambaina, ya zama direba, har Allah Ya buɗa masa ya mallaki manyan motoci na kansa. Ya auri Lantana, 'yar Ƙofar Kware, suka haifi 'ya'ya biyar.

Shekara ashirin da uku yana unguwar, amma a takarda baƙo ne. Katin izinin zama yake riƙe da shi, in ya ƙare ya je ya sabunta. Da aka rufe iyaka a shekarun baya, abin ya tsaya masa a rai. Ya ce shi kam ba zai tsufa yana fargabar ranar da za a ce ya kwashe kayansa ba. Sai ya shiga neman takardar zama ɗan ƙasa.

Wanda ya taɓa bin wannan hanya ya san ba ta rago ba ce. Shekara huɗu Siddiƙu yana abu ɗaya: a kawo hoto, a je kotu a yi rantsuwa, a dawo gobe, a sake kawo hoto. Ya jure duka, har saura mataki guda. Za a aiko jami'i unguwa ya tambayi maƙwabta ko sun san shi, ko sun yarda da zamansa a cikinsu.

To ga ciwon Siddiƙu. Tun da ya samu, ba ya son a tuna daga ina ya fito. Akwai majalisa daura da ƙofar gidansa, inda wani dattijo mai suna Mode yake gyaran babur. Da can nan yake yini. Yanzu kuwa sai dai ya ɗaga musu hannu daga cikin mota, gilashin ma ba ya saukewa.

Lantana ta ce masa, "Alhaji, tunda sun ce suna aiko mai bincike, ka hwaɗa ma su Baba Mode su san da zancen."

Ya harare ta. "Mode mi? Maganag ga ta Abuja ta, ba ta masu gyaran babur ba ta. Alhaji Sa'ad ya sa man hannu, tsohon darakta guda. In na hwaɗa masu, gobe dut gari a ji ni baƙo na."

Ba ta sake tayar da maganar ba.

Bayan wata biyu aka kira shi ofis. Ya sa babbar riga, ya fesa turare, a zatonsa albishir ne. Sai aka tura masa rahoto a gabansa. Jami'i ya je Gawon Nama ranar da shi Siddiƙu yake Kalambaina. Ya tambayi mutum shida a ƙofar gidansa, ya nuna musu hoto. Duka shidan sun ce ba su taɓa ganin wannan fuska ba. Na farko a jerin sunayen Mode ne. An dakatar da takardun Siddiƙu.

Shekara huɗu ta tafi a layi uku na rubutu.

Jama'a, ban san yadda ya kai gida ba, don idonsa ya rufe. Ana fitowa sallar la'asar ya taka birki a gaban majalisa, ya fito ko ƙofar mota bai rufe ba. Babu sallama.

"Munahukai," ya ce. "'Yan hassada. Shekara ashirin da ukku muna kallon juna, yau ku ka cewa ba ku san ni ba? Don kun ga baƙo ya zo ya hi ku? Ina laihina in kun ƙare rayuwakku bisa benci? Kai kuma Mode, da hurhurakka da komi, ka zamna ka shirga ƙarya. Tun da niz zo garin ga kake cikin baƙin mai, kuma cikinai za ka mutuwa."

Ya faɗi wannan a gaban mutanen da suka fito masallaci, a gaban surukan Mode da ke wucewa. Ya ƙara da wasu maganganun da ba zan iya rubutawa a shafin nan ba.

Mode ya ajiye sifanar da ke hannunsa. Muryarsa ba ta tashi ba.

"Ka gama, Siddiƙu? To ji. Mutum yaz zo da kaki, da hotonka a hannu, yana tambayar ina Banijaren da ka zamne nan. Mi kaka so mu ɗauka? Mun ɗauka kama ka anka zo yi a tsallaka iyaka da kai. Ni nic ce ma mutanen ga kowa shi ce bai san ka ba. Ban taɓa tsayawa gaban hukuma na yi ƙarya ba sai rannan, kuma don ɗiyanka niy yi ta."



"Kai kana ɓoyon kai mutumin Tawa na," in ji Mode. "Wa kaka ɓoye ma? Ni nis sama maka ɗakin da kaf fara kwana cikinai. Da ka tsaya minti guda ka hwaɗa muna abin da kaka nema, da mun cika mashi littahi da shaida. Amma mu ba mu kai a yi shawara da mu ba."

Ya ɗauki sifanarsa ya juya ga babur ɗin da yake gyarawa.

A gida Lantana ba ta raga masa ba. Ta ce ita 'yar garin nan ce, kuma yau ya sa ba ta iya ɗaga kai a layinsu. Ta ce ya koma ya durƙusa. Ya ce zai je. Kullum sai ya ce zai je, kullum girman kai ya riƙe masa ƙafa. Abin da ya iya kawai shi ne rubuta takardar koke, yana roƙon a sake aiko da jami'in. Aka amsa masa cewa za a sake zuwa sau ɗaya tak.

Ranar da jami'in ya dawo, Siddiƙu yana tsaye a bakin ƙofarsa, zufa na bin bayansa. Ya san kalma ɗaya daga bakin tsohon da ya ci wa mutunci ta isa ta rufe maganar har abada. Kuma ya san in tsohon ya yi hakan, babu wanda zai ga laifinsa.

Jami'in ya nuna hoton. Mode ya ce, "Mun san shi. Wancan zuwan ƙarya niy yi maka, kuma ni nis sa saura. Rubuta hakanan da sunana."

"Kun yarda da zamansa a cikinku?"

Duk 'yan majalisa suka zuba wa Mode ido.

"Bai taɓa cin haƙƙin kowa ba," ya ce. "Bai sata, bai shaye-shaye, ɗiyanai na da ladabi. Bakinai na ba shi da kyau, wannan kuwa ba laihin hukuma ba na. Rubuta mun yarda."

Sauran biyar suka bi bayansa ɗaya bayan ɗaya.

Jami'in na tafiya Siddiƙu ya tsallako titi da sauri, idonsa ya kawo ruwa, ya miƙa hannu biyu. "Baba Mode, ka yahe man."

Mode ya karɓi hannun, ya sake shi.

"Na yahe. Shaida kuwa don Allah niy yi ta, ba don kai ba. Shekara ashirin da ukku muna ce maka namu ba mu nemi takarda ba. Yanzu gwamnati za ta ce maka nata. Mu kam sai mun sake dubawa."

Takardar ta fito bayan shekara biyu. Siddiƙu ɗan ƙasa ne yau, babu mai ce masa ya tashi. Ya daina wucewa a mota, da ƙafa yake tsallakowa ya yi sallama. Suna amsa masa da kyau, har su tambaye shi iyali. Sai dai hira takan tsaya daga zuwansa, ba ta ci gaba sai ya tafi.

Darasi: Hukuma na iya ba ka takardar zama, amma maƙwabta ne suke ba ka wurin zama. Kada samu ya sa ka raina waɗanda suka san farkonka, kuma kada ka buɗe baki cikin fushi kafin ka tambayi dalili, don ana iya yafe maka maganar a kasa mantawa da ita. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai wanda yake dab da yin irin wannan kuskure yau.