Layi Uku na Injiniya Suhaib

Akwai wani injiniyan manhaja mai suna Suhaib a wani ƙaramin kamfani a Unguwar Rimi. Shi ya ƙera ɓangaren da ke jera sunaye a allon waya, wanda abokan aikinsa ke ɗauka su saka a nasu aikin.

Takardar bayanin yadda ake amfani da shi kuwa layi uku ce cak. In ka nemi ƙarin haske, sai ya ce wanda ya iya aiki ba ya buƙatar fashin baƙi.

Safara'u, wadda watanta huɗu da fara aiki, ta yi amfani da ɓangaren wajen fitar da sunayen ɗaliban da wata makaranta ta ɗauka. Yara ɗari da sha biyu ne. Waya ta nuna hamsin, ta tsaya. Iyayen sauran suka cika ƙofar makarantar, kuma ba gaisuwa ta kai su ba.

Shugabar kamfanin, Hajiya Kaltume, ta kira taro, takardar sallamar Safara'u na kan tebur. Suhaib ya ce ai kowa ya san sai an kunna wani saiti kafin sauran sunayen su biyo, yarinyar ce kawai ba ta karatu.

Safara'u ta miƙe.

"Hajiya, in kora ce ku kore ni. Amma a ba Injiniya kwamfutata ya haɗa jerin a gabanmu. Duk abin da zai taɓa, ya fara nuna mana layin da ya ce a taɓa shi a takardarsa."

Suhaib ya zauna yana murmushi. Da ya kai hannu zai kunna saitin, Hajiya ta ce, "Dakata. Wane layi?"

Ya karanta layi ukun nan sau biyu. Ba su ƙaru ba.

Jerin ya fito, sunaye hamsin.

Hajiya ta yaga takardar sallamar. Ta ce wa Suhaib ya ɗauki motarsa ya je ya yi wa iyayen yara sittin da biyu bayani da bakinsa. In ya dawo da sauran murya, ya zauna ya rubuta takarda wadda mutum zai iya bi.

Darasi: Abin da ka bari a cikin kanka ba bayani ba ne, kuma wanda ke ƙasa da kai ne zai sha kunyarsa. Rubuta shi dalla-dalla. Ku tura wa Suhaib ɗin ofishinku wannan, in yana karanta abin da ya wuce layi uku.