Tsumman da Ya Ci Gona

Ku samarin yanzu, kunya ta yi muku ƙaranci. Da an ce ana rabon tallafi sai ku riga makafi da gwauraye shiga layi, ƙirjinku kamar ƙyauren ɗaki, kuna cewa haƙƙinku ne. Ku yi shiru ku ji.

Akwai wani manomi mai noman gonar aro a bakin rafi. Mai gonar dattijo ne, Baba Tanimu, shi ne kuma mai riƙon rumbun ikilisiya, inda ake tara hatsi domin marasa ƙarfi. A farkon damina gatari ya sari manomin a ƙafa, ya kwanta. Kowace Lahadi bayan sujada sai a kai masa mudun dawa daga rumbun.

Kafin wata ya cika ƙafa ta warke sarai. Amma mutumin ya ɗanɗana tuwon da ba gumi a cikinsa. Ya ci gaba da ɗaure tsumma, yana dogara sanda.

Matarsa ta ce, “Maigida, jiya da idona na ga ka tsallake danga kana korar akuya. Kwance tsumman nan.”

Ya ce, “Ke, ina ruwanki? Shekara nawa ina zuba dami a rumbun nan? Nawa nake ci.”

To, ga inda abin ya kama shi. Gonar tana kan hanyar rafi, mata masu ɗiban ruwa suna wucewa duk yini. In ya sunkuya da fartanya, kafin rana ta take gari ya ji. Ruwa yana sauka, ciyawa tana tashi, shi kuwa yana kai da kawowa a tsakar gida. Ya ɗauki fartanya, ya ajiye. Ya leƙa ta kafar zana, ya dawo. Da ya ji sallama sai ya ruga kan tabarma yana nishi. Kowace Lahadi yakan ce wa ransa, “Wannan mudun ne na ƙarshe.”

Wata safiya Baba Tanimu ya shigo. Ya ce, “Ɗana, sannu da jiki. Na bi ta gona, ciyawa ta shanye geron. Ba laifinka ba ne, mai ciwo ba ya noma. Ka san Asabe, gwauruwar nan? Ta daɗe tana damuna, wai a daina ba ta mudu, a ba ta wurin noma. Na ba ta gonar, tana can da fartanya. Kai dai ka kwanta, mudunka ba zai yanke ba.”

Mutumin ya zabura tsaye, ya ce, “Gonata!” Ya yi waje a guje, sanda tana ƙasa. Sai a ƙofar gida ya tuna. Ya waiwayo, ya ga dattijon yana kallon ƙafarsa.

Baba Tanimu ya ce, “Ashe an warke. Godiya ga Ubangiji.”

Ga ma'anar misalin, kada wani ya ce bai ji ba. Rumbun shi ne taimakon da ake yi wa wanda ya faɗi, ko daga ikilisiya ko daga gwamnati, karɓarsa kuwa ba abin kunya ba ne muddin ciwon na gaske ne. Gonar ita ce ƙarfin da Allah ya ara maka. Tsumman kuma shi ne hujjar da kake riƙe da ita bayan ka tashi. Manomin ya ce nasa yake ci, ƙarya ne. Abin da ka zuba a rumbun Ubangiji ya fita hannunka. Kuma duk mai ɗaure da tsumman ƙarya ba ya iya sunkuyawa aiki, don kada a gani.

Mudu ya yanke a ranar. Gona ba ta dawo ba, gama dattijo ba ya magana biyu. Sauran daminar, mutumin ya yi ta ƙodago a gonar nan, Asabe tana nuna masa kunyar da zai bi. Da kaka, shi ya ɗauki damin da ta ba rumbu a kansa, ya ratsa tsakiyar gari da ƙafafunsa biyu.