Ranar da Shehi Ya Mayar da Mai Walda Asibiti

Shehinmu, Allah Ya ƙara masa yarda, malami ne masani, mai zuhudu da tsentseni, wanda yawan ilimi bai ƙara masa komai ba sai ƙanƙan da kai, kuma ba a taɓa jin ya jingina wa kansa wata karama ba. Daga cikin abin da Allah Maɗaukaki Ya bayyana a hannunsa akwai labarin wani mai walda, ɗalibinsa, kamar yadda matar mutumin ta ba da shi.

Mai walda yana fama da ciwon daji a hanji, ana tsakiyar yi masa magani sai bugun zuciya ya kayar da shi a bakin shagonsa. Aka ceto shi, aka sallame shi, amma daga nan asibiti ya zama gidansu na biyu. Likitan zuciya ya ɗora shi a kan maganin tsinka jini, sai hanjin ya ɓalle da zubar jini, aka mayar da shi. Likitan daji ya ce a dakatar da maganin, sai ƙirji ya riƙe, aka sake mayar da shi. Matar ta haddace warin ɗakin, da kujerar robar da ta ƙarar mata da baya, da labulen da ake ja idan na gadon kusa ya cika.

"Likitocin nan sun raba ni kamar kayan gado tun ina da rai," in ji shi, yana dariyar da ba ta kai ciki ba. Da aka sake sallamarsu, ya sa ta yi masa alkawarin ko me zai faru ba za ta ƙara kai shi ba.

Wata safiya ya tashi garau, ya ci abinci har ya nemi ƙari, ya zauna a tsakar gida yana shan hantsi. Sai ga sallamar Shehi, wanda bai saba zuwa gidan kowa ba sai an kira shi.

"Ɗauko masa riga, 'yata. Asibiti za mu."

"Allah gafarta Malam, yau ce ranar da ya fi samun sauƙi. Kuma na yi masa alkawari."

"Ke kika yi. Ni ban yi ba."

Mai walda bai taɓa yi wa malaminsa musu ba. Ya shiga mota ya juya fuska ga taga, ta ga hawaye na bin kumatunsa.

A asibiti aka auna shi, ba a ga komai ba, ma'aikaciyar jinya ta ce su koma gida, akwai masu ciwon gaske suna jira. Shehi ya zauna a benci ya ciro carbi, ya ce, "Mu ɗan zauna." Matar tana tsaye zuciyarta na tafasa, sai mijin ya sulale daga bencin, zuciyarsa ta tsaya cik, kusa da ƙofar ɗakin da na'urar farfaɗo da zuciya take. Aka farfaɗo da shi. Likita ya ce da a gida abin ya same shi, da gawa za a kawo.

Sai dai zuciyar ta yi raunin da ba za ta ƙara ɗaukar maganin daji ba, aka daina. Ya yi watanni a gadon da ya roƙa kada a mayar da shi, yana narkewa a gaban idonta. Bai taɓa yi mata ƙorafi ba, amma in ta shigo yakan juya fuska ga bango.

Ranar nan ta tare Shehi a baranda, ta ce, "Da kun bar shi, da ya tafi a kujerarsa, cikinsa a ƙoshe, rana na dukansa."

Shehi ya zubar da hawaye har gemunsa ya jiƙe. Sannan ya ce, "An nuna mini ranar, ba a nuna mini abin da ke bayanta ba. Ki yafe mini."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Da mai walda ya rasu, Shehi da kansa ya yi masa wanka, ya sallace shi. Ɗalibai sukan ba da labarin su tsaya a inda zuciya ta dawo bugawa. Ita kuwa duk wanda ya tambaye ta, sai ta kai shi har ƙarshe.

Tsarki ya tabbata ga Wanda ke buɗe wa bayinSa abin da Ya so, Ya rufe musu abin da Ya so. Allah Ya jiƙan mai walda, Ya sanyaya zuciyar matarsa, Ya ɗaukaka darajar Shehinmu, Ya sa mu a cikin albarkarsa. Amin.