Dalilin da Ya Sa Gahawa Ba Ta Ƙamshi Sai Ta Sha Wuta

Dalilin da ya sa ɗanyarta ba ta ƙamshi kike tambaya, Mardiyya? To mayar min da ƙwayar cikin faifai, kada ki tauna, haƙorinki ne zai ji jiki. Nazifi, ja baya daga kaskon nan. Ku zauna in faɗa muku yadda kakata ta faɗa min.

Da can, duk kayan yajin nan da kuka sani ba su da ƙamshi. Citta, kanumfari, kimba, duk salam suke kamar tsakuwa. Cikin ƙwarya ɗaya suke zaune, a ɗakin wata tsohuwa mai sayar da turare, sunanta Inna Yalwa. Gahawa ma tana cikinsu, 'yar kore-kore da ita, ga shiru-shiru, ga rowa.

Ran nan Inna Yalwa ta ce ita kam ta tsufa, ta bar sana'a. Ta jera kwalabenta a tabarma, ta ce, "Kowa ya zo ya zaɓi ɗaya ya shafa. Amma ku ji da kyau, ran Juma'a zan share ɗakin nan. Duk wanda na shinshina ban ji komai ba, bola zai tafi."

Citta ta riga kowa, ta shafe jikinta kaf. Kanumfari ya tsoma kansa tsamo-tsamo cikin kwalba. Kimba ta ɗauki mai hayaƙi-hayaƙi. Gahawa kuwa ta tsaya zaɓe, ta ɗaga wannan ta ajiye, ta ɗaga wancan ta ajiye, har aka kwashe. Sai ɗan ɗigon da ya kwanta a gindin kwalabe.

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tsiyayewa. Akwai mai kamar zuma, akwai mai kamar soyayyar gyaɗa, akwai na ƙanzon tuwo, har da na ƙasa in an yi ruwan fari. Sai ta ce a ranta, in na shafa a jiki, duk wanda ya gifta zai shaƙa a banza. Ta ɗaga ta shanye, ta tsuke baki. Kun ga tsagar nan da ke tsakiyar ƙwayar? Bakin ke nan.

Citta ta fashe da dariya. "Ke Gahawa, turaren kika sha? Shafawa ake yi, 'yar ƙauye!"

Ta ciki-ciki Gahawa ta ce, "Nawa ne, ina ruwanki."

Kwana ya yi ta tafiya, kowa na tashin ƙamshi, ita ko ɗis. Ran Alhamis ta ga Inna Yalwa ta sayo sabuwar tsintsiya. Ta yi ta yunƙurin amayo turaren, ya ƙi fita. Ta je wurin Ruwa, ya jiƙa ta, ta fito tana warin ɗanyen wake. Ta je wurin Rana, ta busar da ita, sai ma tauri da ta ƙara. Da ta rasa ta yi, ta gangara bakin murhu.

Wuta ta ce, "Ah, mai koren zane! Yau kika san hanyar gidana?"

"Gwaggo Wuta, ki rufa min asiri. Gobe za a zubar da ni."

"Zan buɗe ki, amma ni ba na aikin banza. Koren zanen nan zan karɓe. Kuma duk inda na taɓa, ɗaci nake bari. Abin da ya fito kuma ya fito ke nan, don Iska na bakin ƙofa tana jira."

"Gwaggo, ko rabi ba za a bar min ba?"

"Je ki tambayi tsintsiya."

Da safe Gahawa ta runtse ido ta faɗa kasko. Ta yi rawaya, ta koma ruwan ƙasa, tana juyi tana ihu, "Wayyo, a sauke ni, na fasa!"

Wuta ta ce, "Da saura. Abin da kika sha bai haɗu ba tukuna."

Ashe zafin nan narkar da turarukan yake yi a cikinta. Suka gauraya, suka zama wani sabon ƙamshi wanda babu shi a kowace kwalba. Can sai ƙas! Baki ya buɗe.

Inna Yalwa na tsakiyar shara ta tsaya cak, hanci sama. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana cewa, "Inna, me kike toyawa ba ki kira mu ba?" Inna Yalwa ta bi ƙamshin har murhu, ta sauke kaskon da sauri, don da an ƙara jimawa sai dai gawayi. Ta zuba a turmi ta daka, ƙamshin da ya maƙale a ciki shi ma ya fito. Ta dafa, ta kurɓa, ta yamutsa fuska.

"Kai! Hancina ya yaudare ni."

Amma ta ƙara kurɓa. Ta ce, "Ke kam ba ki zuwa bola." Sai ta fasa citta ta jefa a tukunyar don ta rage ɗacin, mai dariyar nan ita ma ta sha tafasa.

Shi ya sa har yau ɗanyar gahawa ba ta ƙamshi sai ta sha wuta, kuma ƙamshin ya fi ɗanɗanon daɗi. In mutum ya toshe hanci ya kurɓa, ɗacin kawai zai ji. Shi ya sa kuma ba na daka ta sai baƙi sun zauna, don in ka daka ka bar ta a buɗe, kafin la'asar Iska ta kwashe rabonta ta bar maka gari.

Ga sallama can, masu barka sun fara shigowa, bari in je in shimfiɗa musu. A'a Nazifi, ba za ka sha ba. Naka rabon na hanci ne, kuma tun ɗazu kake karɓa.