Cilakowa da Tagar Kunkuru

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Kunkuru ne ya gina ɗaki, ya sa masa taga mai gilashi da katako mai kyau. Kullum da safe sai Cilakowa ta zo ta hau saran katakon da baki, ƙwas-ƙwas, har ya fara tsagewa, ga damina ta ƙarato.

Ya kafa mutum-mutumi, ta sauka a kansa ta huta. Ya shafa barkono, ta yi atishawa ta ci gaba.

Zomo sarkin gaggawa ya ce, "Ɗana mata tarko mana!"

Kunkuru ya ce, "Bari dai in tambaye ta."

Da ta zo ya ce, "Baiwar Allah, me katakona ya yi miki?"

Ta ce, "Malam, mijina ne a ciki. Tun da shaho ya ɗauke shi ban ƙara ganinsa ba sai a tagarka. So nake in fito da shi."

Kunkuru ya gane kanta take gani a gilashin. Ya dama toka ya shafe shi. Washegari ta zo, ba kowa a gilashin. Ba ta sari katako ba, ba ta kuma tafi ba. Nan ta wuni a kan reshe, ko ruwa ba ta sha ba.

Zomo ya ce, "To, ka huta!"

Sai Kunkuru ya tashi. Ya rufe katakon da fallen kwano, sannan ya ɗauki tsumma ya goge tokar tas.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, nan ta tsaya.