Muryar da Inna Ladidi Ta Ƙi Bayarwa

An ce wai a wani gari an yi wata tsohuwa, Inna Ladidi, mai ɗa guda tilo, malamin makaranta ne, sunansa Nafi'u. Da yake ɗan fari ne, ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "yaron nan". Rannan ya fita da safe, sai gawarsa aka kawo mata da la'asar.

Bai bar wata dukiya ba sai tsohuwar kwamfutar tebur, irin mai ƙaton kai, wadda in an kunna ta sai ta yi ta gurnani kafin ta buɗe ido. A cikinta akwai muryarsa kashi goma sha ɗaya, yawanci karatu ne da ya ɗauka don ɗalibansa. Ɗaya kuwa gwaji ne kawai, ya yi shi yana dariya. Wannan ɗin Inna take sa a kunna mata duk safiyar da aka kawo wuta, ta saurara, ta share hawaye.

Matarsa Bara'atu tana da ciki ya rasu. Da ta haihu ta yi arba'in, lokacin komawarta gidan iyayenta ya yi, sai ta roƙi a kwafa mata muryar a laftof ɗinta, don jaririyar ta san muryar ubanta wata rana. Wani mai gyaran kwamfuta ma ya yi gargaɗi cewa na'urar ta kusa mutuwa. Inna ta yi tsalle ta dire. A saninta, abin da aka ɗiba daga rumbu ya bar rumbu ke nan. Ta kulle ɗakin da kwamfutar take, ta ɗaure makullin a bakin zane, wata uku cur ana lallashi ba ta ji ba. Ba mugunta ba ce, tsoro ne, amma tsoro ma yakan yi ɓarnar da mugunta ba ta yi.

Da abin ya gagara, aka kai maganar gaban Alƙali Sidi, dattijo mai jinkirin magana. Ya ji ta bakin kowa. Ya san in ya sa aka fasa ƙofar ya karya zuciyar uwa, in kuma ya ƙyale ya hana marainiya gadon da ya fi kowanne. Sai ya tambayi Inna abin da ɗanta yake cewa a wannan muryar da take so.

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah ya gafarta Malam, cewa yake, 'Inna, a ajiye mini ƙanzo, yanzu zan dawo.'"

Alƙali ya maimaita kalmomin ɗaya bayan ɗaya, ya sa Bara'atu ta maimaita, ya sa magatakarda ma ya faɗa. Sannan ya dubi tsohuwar ya ce, "Inna, ɗazu ke kaɗai kika shigo da maganar nan, yanzu mu huɗu ke riƙe da ita. Duba zuciyarki, ta fita ne?"

Ta dafa ƙirjinta. Can ta ce, "Tana nan."

"To haka wannan aikin yake. Ba ɗiba za a yi ba, hadda ce. Wannan na'urar za ta biya wa waccan, kamar malami da ɗalibi, kuma ba a taɓa jin malamin da ya manta karatu don ya koyar ba. Ban ƙwace miki makulli ba. Ke za ki buɗe da hannunki."

Ta kwance bakin zanen a nan take.

Washegari mai gyara ya zo da filashinsa, ɗan abin da zai kwafi muryoyin a ciki. Sau uku yana kunna na'urar kafin ta yarda ta tashi. Inna ta zauna kusa tana kallon wani koren layi yana jan ciki a kan allo. Murya ta farko ta wuce, ta biyu, ta uku, ta huɗu. Ana cikin ta biyar sai gurnanin ya tsaya, allon ya yi baƙi. Mai gyara ya kwance, ya hura, ya mayar, ya kai ta shagonsa ya yi kwana uku a kanta, ya dawo yana ba da haƙuri. Ya ce da wata biyu baya ne, da duk sun fita.

Aka kunna huɗun da suka tsira a laftof. Karatun lissafi ne duka. Ta ƙanzon ba ta ciki.

Bara'atu ta fashe da kuka, amma Inna ba ta yi ba. Ta karɓi jikarta ta rungume, ta ce, "Na yi ta gadinsa kada a ɗauke mini shi, ashe a hannuna zai sake mutuwa." Sai ta kai bakinta kunnen jaririyar, ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗi ba tun da ta haife shi: "Sunan ubanki Nafi'u."

Da labari ya kai wa Alƙali Sidi, ya yi salati, ya ce da na kusa da shi: abin da bayarwa ba ta rage shi, ɓoyewa ce ajalinsa.