Jarumin Roba da Kawunnan Hamdiyya

Ku gyara zama, ku kife wayoyin nan a kan tabarma. Labarin da zan ba ku ba na zamanin da ba ne, a Funtuwa ya faru. Idan na kai ƙarshe ku za ku yanke hukunci, ni nawa saurare.

Akwai wata mata, Barira, da mijinta Kamilu, da 'yarsu ɗaya tilo, Hamdiyya, mai shekara biyu da 'yan watanni. Barira tana da 'yan'uwa maza uku, uwa ɗaya uba ɗaya. Babbansu Tasi'u direba ne, ya daɗe yana jigilar hatsi daga ƙauyuka. Mai bi masa Lurwanu ma'aikacin jinya ne a wani ƙaramin asibiti. Autansu Jazuli gyaran waya yake yi, amma an fi saninsa da tara 'yan mutum-mutumin roba na jaruman fina-finan Turawa, irin masu tashi sama suna ceton gari. Ba wasa yake yi da su ba, jera su yake a cikin gilashi. Ni ma da na fara ji sai da na ce, namiji da gemu da 'yar tsana? Amma fa ya san su. Da ya riƙe ɗaya a hannu zai gaya maka na asali ne ko jabu.

Wata rana cikin damina Kamilu ya dawo daga Legas da irin wannan jarumi, mai sulke ruwan azurfa da koren mayafi, idan an danna ƙirjinsa idanunsa su kawo wuta. Tsarabar Jazuli ce. Ya ajiye shi a kan kujera, ya aika masa ya zo. Kafin ya iso, Hamdiyya ta ja kwalin ƙasa ta sha wasanta da abin, har uwar ta gani ta ƙwace.

Bayan azahar Jazuli ya zo. Ya tarar yarinyar tana ƙananan koke-koke, yawu na dalala, an ba ta tuwo ta ture. Barira ta ce haƙori ne. Bai kawo komai a ransa ba, ya zauna ya ɗauki tsarabarsa. Ya fara duba kwalin, ya ga rubutun ya yi dishi-dishi. Ya sunsuna robar, ya ji warin mai. Ya kai fuskar wajen haske, ga fenti ya malala daga ido zuwa kunci. Ya lanƙwasa gwiwar, ta saki kamar ta tsohon ƙyaure. Ya duba tambarin tafin ƙafa, haruffan sun cuɗe.

"Yaya Kamilu, na gode ƙwarai, amma sun cuce ka. Jabu ne."

Kamilu ya yi dariya, ya ce, "Ko jabu ne ai idonsa na haske. Danna ka gani."

Jazuli ya danna, idanun ba su kawo wuta ba. Ya juya bayan jarumin. Ya san na asali da ɗan noti ake ɗaure murfin batirinsa, sai da abin kwancewa ake buɗe shi. Wannan kuwa murfin maƙale shi kawai aka yi, ga shatin ƙananan haƙora a gefensa, ramin kuma wayam. Batirin irin ɗan faifan nan ne mai kama da kwabo. Aka ɗaga kujera, aka kakkaɓe tabarma, aka share ɗaki, babu. Jazuli ya dubi yarinyar da yawu ya jiƙa mata wuyan riga, ya ce, "Yaya Barira, ba haƙori ba ne. Batir ta haɗiye."

Kukan Barira ya tara maƙwabta. Mahaifiyar Kamilu, Hajiya Gambo, ta dama ruwan gishiri a ɗura wa yarinyar ta yi amai, wata maƙwabciya ta naɗe hannun riga za ta zura mata yatsa. Ana cikin haka Lurwanu ya shigo, don Jazuli ya kira shi. Ya durƙusa gaban tsohuwar ya riƙe kofin da hannu biyu.

"Inna, ki yi mini afuwa, kada a sa ta amai. Wannan abin ba tsayawa kawai yake yi ba, ƙona nama yake. Akwai zuma a gidan nan?"

Aka samo zuma. Ya riƙa ba ta cokali biyu, a ɗan jima ya ƙara, ya ce tunda ta wuce shekara ɗaya zumar za ta rage ƙunar kafin a isa inda za a cire. Ya hana a ba ta ruwa ko abinci. Kamilu ya ce a kai ta asibitinsu Lurwanu da ke kusa, shi kuwa ya ce a'a, ba su da na'urar cirewa, tsayawa can ɓata lokaci ne. Sai Zariya. Ya kira wani likita da ya sani a babban asibiti, ya bayyana masa girman batirin da lokacin da ake zaton ta haɗiya, ya roƙe shi su shirya.

Tasi'u ya kawo motarsa. Iyayen suka shiga baya da yarinyar, Lurwanu da kwalbar zumarsa a gefensu, Jazuli a gaba riƙe da jarumin don a nuna wa likita. Ba su yi nisa ba suka tarar tanka ta faɗi ta tare titi, motoci sun yi layi iya ganin ido, ba gaba ba baya. Barira ta fara salati. Tasi'u ya karya kan motar ya sauka daji. Ya bi burtalin shanu, ya ratsa tsakanin gonakin masara, ya bi ta bayan ƙauyukan da yake ɗaukar hatsi. Da suka zo wani rafi da ruwan sama ya cika, ya fita ya naɗe wando, ya shiga yana taka ƙasan da ƙafarsa har ya gano inda dutse yake, ruwan na dukan cinyarsa. Ya dawo ya sa motar daidai wurin. Ta yi tari a tsakiya, ruwa ya shigo ta ƙasan ƙofa, ya lallaɓa ta har ta hau tudu. Suka ɓullo kan kwalta can gaba da inda tankar ta faɗi.

A asibiti an riga an shirya. Aka ɗauki hoton ƙirji, ga batirin nan maƙale a maƙoshi. Aka shiga da ita, su kuma suka zauna a benci, ba mai iya duban wani. Kafin magariba likita ya fito da ɗan abin a cikin kwalba, ya yi baƙi. Ya ce ya fara cin naman amma bai huda ba, da an ƙara jinkiri da labarin ya canza. Kamilu ya faɗi ya yi sujada a kan siminti. Barira tana dariya, hawaye na zuba. Tasi'u ya sunkuya yana matse ƙafar wandonsa, ya ce, "Alhamdulillahi. Wani ya samo mini shayi."

Hamdiyya ta kwana biyu ana ba ta kunu da cokali, sannan ta koma gida. Ranar da ta kama ƙosai da hannunta ta cinye ta nemi ƙari, Hajiya Gambo ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Da shekara ta zagayo Barira ta haifi ɗa namiji. Kamilu ya ce wannan yaro sunan ɗaya daga cikin kawunnansa zai ci, wanda ya ceci yayarsa. Nan fa gida ya rabu.

Barira ta ce Jazuli. Da bai tsaya ya ƙare wa abin nan kallo ba, da bai san inda noti ya kamata ya kasance ba, da maganin haƙori za ta yi ta ba yarinyar har gari ya waye, ba wanda zai nemi zuma, balle mota.

Hajiya Gambo ta ce Lurwanu. Ita da hannunta ta dama ruwan gishirin, shi ya riƙe kofin ya hana a ɗura. Shi ya ba da zuma, shi ya hana a tsaya a ƙaramin asibiti, shi ya sa likita ya jira su a shirye.

Kamilu kuwa zuciyarsa na kan Tasi'u. Ya ce an gano ciwon, an san inda za a je, amma da a layin motocin nan suka tsaya, da sanin Jazuli da zumar Lurwanu duk a bakin titi za su ƙare.

Gobe suna, rago na ɗaure, liman na jiran a raɗa masa. To, ku da kuke zaune a nan, sunan wa za a sa wa yaron nan: Jazuli, Lurwanu, ko Tasi'u?